Takarda ce ke cin dajin Binuwai, ko yunwa?

Malam na Yelwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma gardama nake nema a kanta, kada kowa ya ji nauyina.

Ina neman mutum biyar ko shida da za su sa kai, ba albashi ba kuɗin mai, mu raba ofisoshin sufurefe, wato jami'in mulki na ƙaramar hukuma, da na meri, wato ofishin magajin gari, da ke kewaye da gandun dajin Binuwai a nan arewacin Kamaru: Lagdo, Cholire, Poli, Mbe. Aikin ba shi da wuya. Ka je ka karanta abin da aka liƙa a allon sanarwa, ka ɗau hoto, ka turo nan. Wa ya nemi titir, wato takardar mallakar fili, wa ya nemi a yanka masa fili na gona ko na kiwo, wa ke son haƙa, ina za a fasa hanya. Sai mu ɗora a kan taswira. In ya faɗa kan hanyar da namun daji ke bi, ko a bakin kogi, mu rubuta ƙin yarda kafin wa'adi ya cika.

Ga dalilina. Dajin nan tun 1932 aka keɓe shi, aka mai da shi gandun ƙasa a 1968, faɗinsa murabba'in kilomita 1,800. Yamma da shi gandun Faro, gabas da shi gandun Buba Njida. Ukun nan da juna suke rayuwa, domin giwa da ɓauna da gwanki ba sa zama wuri ɗaya rani da damina. Duk mai bin titin Garwa zuwa Ngaundare ya ga yadda ƙauyuka da gonaki suka jeru a bakinsa, wuraren da aka ware wa dabbobi su ratsa suna ta tsukewa. Ni na tsaya a kan cewa takarda ce za ta gama da dajin nan kafin maharbi. In an kashe giwa, wata za ta haihu. Filin da aka buga wa hatimi aka kafa wa turakun siminti kuwa ya bar daji ke nan har abada.

Alhaji na Ngong:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba ko kaɗan.

Ka lissafa gandu uku, ka bar yankunan farauta da ke zagaye da su, waɗanda ake ba da haya a kawo baƙi daga Turai da Amurka su biya su harbi ɓauna. In ka haɗa su duka, sama da kashi 40 cikin 100 na ƙasar jihar Arewa an riga an ce ta namun daji ce. Abin da ya rage shi mai masara da mai auduga da mai shanu ke kokawa a kai. Yanzu kuma mu da kanmu za mu je mu tsaya a ƙofar ofis mu hana ɗan'uwanmu takardar gonarsa? Wa kake zaton sunansa ke fitowa a allon sufurefe? Ƙaramin ɗan kasuwa ne da ya tara 'yan kuɗinsa, yana so ya bar wa 'ya'yansa abin da ba za a ƙwace ba. Babban mutum daga Yawunde takardarsa ke sauka, ba ta bi ta allo.

Ƙane na Cholire:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni na yi haƙar zinariya, na san rami. Malam, cikin duk waɗanda muka yi aiki tare babu mai takarda ko ɗaya. Mutum ya ji an samu a wuri kaza, ya ɗau shebur da kwano da tabarma ya tafi. Kafin sati ya zagayo ka ga bukkoki, ga mai shayi, ga mai cajin waya, ga mai tuwo. Naman da ke cikin miyar kuwa kowa ya san ba daga mahauta ya fito ba. Haka manomi. Ya taso daga Mokolo ko Kaile, ya je gaban jauro, wato mai garin, ya yi gaisuwa, a nuna masa daji a ce daga bishiyar nan zuwa rafin can. Ya sare, ya sa wuta, ya shuka masara, baɗi auduga, itacen kuma ya zama gawayi a bakin titi. Wace takarda za ku gani a allo? Yunwa ce ke cin dajin nan, ita kuwa ba ta zuwa ofis.

Hajiya mai gyaɗa:
Yaron nan ya faɗi gaskiya.

Ɗaliba a Ngaundare:
Baba Malam, Baba Alhaji, Mama Hajiya, ina gaisuwa. Karatun shari'a nake yi, bari in faɗi abin da dokar ta ce, ku kuma ku auna da abin da kuka sani a ƙasa.

Yaya na Cholire ya yi daidai, da baki jauro ke bayarwa. Sai dai tun dokar filaye ta 1974 sarki ko jauro ba shi da ikon mallaka wa kowa ƙasa. Duk wadda ba ta da titir gwamnati ke riƙonta a madadin jama'a. To manomin da aka nuna wa daji da baki zai yi 'yan shekaru yana noma, auduga ta tsotse ƙasar, ya matsa gaba. Wa ke zuwa bayansa? Mai kuɗi. Ya saye daga hannun mutum biyar ko goma, ya haɗe, ya shigar da dosiye, wato takardun neman titir. A nan takarda ke shigowa, kuma a nan ne doka ta bar ƙofa a buɗe. Dosiyen ba ya wucewa sai kwamitin da sufurefe ke shugabanta ya sauka har filin, cikinsa da sarkin ƙauyen da dattawansa biyu. Neman titir ana liƙa sanarwarsa a ofishin sufurefe da meri da fadar sarkin ƙauye, daga baya a buga shi a mujallar sanarwar filaye ta jiha, kuma daga ranar bugawa akwai kwana 30 na ƙin yarda. In kwanakin nan suka wuce ba wanda ya ce uffan, titir ya fita. Daga nan sai kotu, kun kuwa san wahalar kayar da mai titir a kotu.

Baba Alhaji, gaskiya ne filin da ya wuce hekta 50 sai da sa hannun shugaban ƙasa. Amma shi ma sai ya bi ta kwamitin nan na sufurefe tukuna. Babban mutum yana bi ta ƙasa, ba a dai lura da shi ne lokacin da yake wucewa.

Abu ɗaya nake so Baba Malam ya sani. Ƙin yarda daga mutumin Garwa wanda ba shi da komai a wurin ba shi da nauyi sosai. Wanda ake saurara shi ne mai haƙƙi: mutanen ƙauyen, arɗon da shanunsa ke bi ta nan, ko shugaban gandun dajin in filin ya taɓa iyakarsa. Don haka babban aikin mai sa kai shi ne kai labari ga waɗannan tun kwana 30 ba su cika ba.

Manyan ayyuka kuma, kamar hanya da madatsar ruwa da haƙar ma'adini, dokar muhalli ta 1996 ta ce sai an binciki illarsu kafin a fara. Dokar 2013 da ta tsara binciken ta wajabta wa mai aikin ya aika wa wakilan jama'a jadawalin zaman tuntuɓa aƙalla kwana 30 kafin zaman farko. Zaman nan ko ya cika da mutanen da suka karanta suka zo da tambaya, ko ya cika da masu sa hannu a takardar halarta su watse. A 2012 ƙungiyar kare namun daji ta WWF da wasu ƙungiyoyi biyu na nan Kamaru sun fitar da rahoto da ya nuna takardun neman ma'adinai da dama sun hau kan gandayen daji, saboda ma'aikatar ma'adinai na ba da izini ba tare da an haɗa taswirarta da ta ma'aikatar daji ba. Mutane ne suka zauna suka ɗora taswira kan taswira suka gano haka. Yau taswirar dazuzzukan Kamaru tana kan intanet, da waya ma ana buɗe ta.

Baba Gardi:
Ɗiyata Allah ya yi albarka. Ni da Malam zan yi.

Malam, kai yayana ne, amma akwai kalma ɗaya a maganarka da ba zan bari ta wuce ba. Ka ce in an kashe giwa wata za ta haihu. Karkanda fa? Baƙar karkandar yammacin Afirka a dazuzzukan nan namu ta yi zamanta na ƙarshe a duniya. A 2006 masu bincike suka bi daji suna nemanta, ba su ga ko ɗaya ba. A 2011 aka sanar cewa ta ƙare. Dajinta yana nan a lokacin, ba wanda ya yi masa titir. Harsashi ya cinye ta saboda ƙaho. Farkon 2012 mahaya dawakai suka shigo Buba Njida daga wajen Sudan da bindigogin yaƙi, cikin 'yan makonni suka zubar da ɗaruruwan giwaye, sai da aka turo sojoji. Da wace takarda za ka tare su? A Zakuma ta Cadi giwaye sun haura 4,000 a 2002, zuwa 2010 sun dawo wajen 450. Abin da ya tsayar da ɓarnar masu gadi ne da aka horar, aka ba su makami da rediyo da albashi a kan kari. Wasu sun bar ransu a wurin, a 2012 an kashe shida suna sallar asuba. Raƙuman dawan Binuwai yau ba su kai 50 ba. Giwa kuwa sai ta yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa ɗaya.

Na yi aikin nan har gwiwata ta gaji, na binne abokan aiki. Idan aka ce takarda ce matsala, zuciyata ba ta karɓa.

Malam na Yelwa:
Karkanda hujjarka ce ƙanena, ba ni da ta cewa a kanta, kuma Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Amma dubi Zakuman da ka kawo. Da aka tsayar da harbi giwayen sun koma haihuwa, garken ya soma ƙaruwa, domin dajin na nan bai je ko'ina ba. Mu nan in aka tsayar da harbi gobe, ta ina za su bi zuwa Faro? Kuma masu gadi akwai mai horar da su, makarantar namun daji na nan Garwa tun 1970, ta yaye ma'aikata daga ƙasashen Afirka da dama. Allon sanarwa kuwa ba wanda aka ɗauka aiki don ya karanta wa talaka shi. Ni ba zan iya riƙe bindiga ba. Faransanci na iya, shi nake so in ba da.

Kawu na Lagdo:
Ina da abin da zai taimaki Malam, ina kuma da abin da zai dame shi.

Duk masuncin da ya fito daga wajen kogin Logon ya san labarin Maga. A 1979 aka gina madatsar Maga da ganuwa a bakin kogin don noman shinkafar kamfanin SEMRY. Ruwan da ke malala kowace shekara cikin fadamar yayre, gabas da gandun dajin Waza, ya ragu ƙwarai, ga fari ya zo ya ƙara a kai. Ciyawar da ke daɗewa kore har cikin rani ta mutu a wurare da yawa, kifi ya ja baya, makiyaya suka watse, mariyar da ake gani garke garke a Waza ta ragu. Babu maharbi ko ɗaya a labarin nan. Zane aka yi a ofis aka sa hannu. Sai a 1994 aka sake buɗe wani rafi da ganuwar ta toshe, ruwa ya koma wani ɓangare na fadamar, ciyawa da kifi da tsuntsaye suka soma dawowa. Wannan duk na Malam ne.

To amma ni a bakin madatsar Lagdo nake zaune, wadda aka gama a 1982. Ita ma ta nutsar da daji da ƙauyuka. Ita ke ba Garwa wuta, kifinta ya aurar da 'ya'yanmu, dubban mutane ta tara daga ko'ina. Da ƙungiyar Malam na nan a lokacin, da za ta rubuta ƙin yarda? Tsakani da Allah nake tambaya.

Malam na Yelwa:
Ba zan rubuta a hana Lagdo ba, Kawu, ba kuma zan rubuta a hana shinkafa ba. Amma da an zaunar da masunci da makiyayi kafin a zuba ƙasa a Maga, da tun ranar farko an bar ƙofar ruwan da aka zo aka buɗe bayan shekara 15. Yawancin takardun da za mu gani gyara suke so: a matsar da iyakar gonar daga bakin rafi, a bar tazara inda dabbobi ke ƙetare titi, a cike rami in an gama haƙa. Kafin a fara aiki gyara magana ce kawai. Bayan an gama, sai an nemo kuɗin Turawa.

Hajiya mai gyaɗa:
To ni ma bari in yi tawa, tun da ni ce ke shiga ƙauyukan bakin titin nan sayen gyaɗa da masara, Gamba da Sakje da Banda da na kusa da su.

Malam, kai in ka ɗau hotonka za ka hau mota ka koma Yelwa ka kwana. Wanda ya kai ka ya nuna maka filin a ƙauyen zai kwana. Gobe a ce wane ɗan rahoto ne, shi ya kawo masu kaki, a daina sayen kayan matarsa, a daina zuwa sunan gidansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙauye. Ka yi tunaninsa?

Na biyu, matan nan da nake ciniki da su ba sa ganin dajin yadda kuke ganinsa. Yaransu kan bar makaranta lokacin da masara ta nuna su je korar birai. Giwa ta shiga gona dare ɗaya, abincin shekara ya tafi. Su shiga neman itace ko kaɗanya, gabansu na faɗuwa. Kuma an ce kuɗin hayar yankunan farauta ana ware wa meri kaso, ana ware wa ƙauyuka kaso. Yankuna biyu na bakin titin ma, na 1 da na 4, da sunan mutanen ƙauye ake tafiyar da su. To mace mai goyo ta tambaye ni nawa ya shigo bana, me aka yi da shi, in ce mata me? Wannan ma ai takarda ce. In za ku karanta takarda, ku fara da ita. Ranar da mace ta ga rijiyar da kuɗin ɓauna ya haƙa, ba sai kun roƙe ta ta kare hanyar ɓauna ba. In kuwa za ku karanta wadda ke hana su ne kawai, ku bar wadda ke ba su, kada ku sa sunana.

Kawu na Lagdo:
Hajiya ta gama magana.

Alhaji na Ngong:
Ba ta gama ba, saura shanu. Kowa na maganar hanyar giwa, ba wanda ya ambaci burtali. Me ke kai makiyayi cikin gandu yana sane za a iya kama shi? Burtalin da ubansa ya bi an nome shi, mashayar an kewaye ta da albasa. Daga arewa Boko Haram ta koro wasu, daga kudu yaƙin Afirka ta Tsakiya ya koro wasu, a Mayo Ray masu satar mutane sun sa wasu sun sayar da rabin garke sun fanshi 'ya'yansu. Duk sun taru a ɗan abin da ya rage. Saniya ba ta cin taswira, Malam.

Baba Gardi:
Alhaji, ban musa wahalarsu ba. Amma ni na ga abin da garke ke bari in ya fita. Kawo da maɗaci an sassare rassansu an zubar wa shanu, sai kututture a tsaye, ganyen da raƙumin dawa ke ci ke nan. Wuta a sa ta ba lokacinta ba don sabuwar ciyawa. Zaki ya kama maraƙi ɗaya, a zuba guba a mushen, zaki ya mutu, kura ta mutu, ungulu ta mutu. Wannan ba talauci ya sa ba.

Alhaji na Ngong:
Kai kuma ka faɗa wa jama'a nawa ake karɓa a kan kowane garke kafin a sake shi.

Mai kula da zaure:
Iyayenmu a yi haƙuri. Ba a kama sunan kowa, ba a tuhumar wanda ba ya nan. Mu koma kan maganar Malam.

Ɗaliba a Ngaundare:
Baba Alhaji, abin da ka faɗa shi ya fi ba ni ƙarfin cewa makiyayi ya fi kowa bukatar aikin nan. Dokar 1974 ta ambaci wurin kiwo da hanyar shanu, amma tana so a ga alamar hannun mutum a filin. Manomi yana da kunya da rumbu da mangwaron da ya dasa. Makiyayi ya bi ya wuce, damina ɗaya ta shafe sawunsa. In kwamiti ya sauka cikin watan da shanu ba sa nan, fili ne kawai za su gani, su rubuta babu kowa. Hanyar giwa ma haka take a idon takarda, babu kowa. Su biyun hatimi ɗaya ke cinye su.

Kuma akwai dokar 1978 kan rikicin manoma da makiyaya. Ta kafa kwamiti a kowace ƙaramar hukuma, sufurefe ne shugaba, da wakilin manoma da na makiyaya, kuma cikin aikinsa har da ware wurin noma da wurin kiwo da burtali. In an shata burtali an rubuta, duk wanda ya nemi titir a kansa akwai abin da za a riƙe a ƙi yarda da shi. In ba a rubuta ba, sai rantsuwa da tarihin kaka.

Alhaji na Ngong:
Wannan na ji shi. Amma in burtalin da hanyar giwar suka haɗu wuri ɗaya, Malam wa zai zaɓa?

Malam na Yelwa:
Ba zan yi maka ƙarya ba Alhaji. A wajen gandu zan tsaya wa burtali kamar yadda zan tsaya wa hanyar giwa, in rubuta da hannuna. A cikin gandu kuwa ba zan goyi bayan shigar shanu ba, ko na ɗan'uwana ne. In aka bar wannan, babu abin da ya rage da za a kare.

Alhaji na Ngong:
To ka ga inda muka rabu.

Ƙane na Cholire:
Akwai abin da ban faɗa ba ɗazu. Mai shebur ba shi da takarda, amma mai katafila yana da ita. Duk wanda ya je wajen Betare Oya a jihar Gabas ya ga abin da injin ke yi: a juya kogi, a kwashe, a tafi a bar ramuka cike da ruwa, mutane na faɗawa suna mutuwa, har da yara. Mu da hannu shekara muke yi ba mu ɓata abin da katafila ke ɓatawa a sati ba. Kuma in mai injin ya zo da takardarsa, mu ma korarmu ake yi daga ramin da muka gano. In wannan za ku sa wa ido kada ya sauka a bakin Binuwai ko Faro, zan riƙa turo muku duk abin da na ji. Amma sunan mai shebur ko mai gona ba zai fito daga bakina ba. Har yanzu kuma ina kan bakana, ko kun tare duk takardun duniya, muddin saurayi ba shi da abin yi a Cholire zai shiga daji.

Ɗaliba a Ngaundare:
To ko za a yarda da wannan a matsayin sharaɗi? Abin da aka rubuta aka liƙa don kowa ya gani, shi kaɗai za mu bi. Ba ma kai sunan kowa wurin masu gadi. Ƙaramar gonar mutum da gidansa ba ruwanmu da su sai in sun faɗa cikin gandu ko kan burtali ko hanyar ratsawa, a nan ma mai ita za a fara samu a yi magana. Lissafin kuɗin farauta da Mama Hajiya ta faɗa ya shiga cikin aikin tun farko.

Baba Gardi:
Na biyun ban yarda da shi ba. Ka je ɗaukar hoton allo, a hanya ka ji an ce baƙi sun sauka da dawakai da bindigogi a wuri kaza, sai ka yi shiru don ka yi alkawari? A Zakuma rediyon da aka raba wa ƙauyuka ya ceci giwaye, ya ceci ƙauyukan ma, don masu harbin giwa ba sa barin mutane lafiya. Ku raba mai tarkon gada da mai bindigar yaƙi. Na farko ku rufa masa asiri in kun ga dama. Na biyu wanda ya ɓoye shi yana da kaso a jinin da za a zubar.

Hajiya mai gyaɗa:
Mai bindigar yaƙi ai ko ba ƙungiya kowa zai faɗa, Baba Gardi. Tsorona shi ne daga shi a gangaro kan mai tarko, daga mai tarko a gangaro kan mai itace. Na ga yadda abin ke gangarowa. A bar sharaɗin yadda yarinyar nan ta faɗe shi.

Baba Gardi:
To ni zan taimaka da taswira, na san iyakokin da ƙafata. Amma bakina ba zan ɗaure shi ba.

Malam na Yelwa:
Na karɓi taswirar. Maganar baki mu bar ta sai mun zauna ido da ido, ba ta waya ba ce. Kawu, Lagdo na hannunka in ka yarda. Ƙane, Cholire. Poli da Mbe har yanzu babu kowa, duk mai ɗan'uwa a can da ya iya karatu ya yi masa magana.

Kawu na Lagdo:
Zan ɗau hoton, amma Faransancina na kasuwa ne. Ku za ku karanta.

Alhaji na Ngong:
Ni ban shiga ba, Malam, kada a rubuta ni. Amma ranar kasuwa zan tara arɗo biyu ko uku. Ɗiyata, ki zo ki karanta musu dokar nan ta 1978, a fassara musu da Fulatanci. In sun ce a yi, sai mu sake magana.

Ɗaliba a Ngaundare:
In sha Allah Baba, da zarar mun gama jarrabawa. Kafin nan a turo mini sunan wuraren da burtalin ya toshe, in duba ko ƙarƙashin Lagdo suke ko Ngong, don kowanne da kwamitinsa.